HANYOYIN INTANET A ƘARƘASHIN TEKU: DARASIN RANAR 14 GA MARIS, 2024

Gabatarwa

Ranar Alhamis, 14 ga watan Maris na 2024, a makon farko na azumi, jama'ar ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma suka wayi gari intanet ya yi rauni, a wasu wuraren ma ya ɗauke ɗungum. Abin ya fi tsanani a Kwaddibuwa da Laberiya da Benin, amma ya taɓa Gana da Burkina Faso da Nijeriya da Nijar da Kamaru, har ya kai Afirka ta Kudu. A Nijeriya bankuna da yawa suka kasa biya wa masu hulɗa da su bukata. Mai saye ya tsaya gaban mai kanti ya rasa yadda zai tura masa kuɗi, ofisoshin da ke ajiye takardunsu a kwamfutocin ƙasashen waje kuwa suka zauna hannu rabbana.

Da yake ba a saba ganin irin wannan ba, sai zance ya yi yawa. Wasu suka ɗora laifin a kan kamfanonin waya, wasu suka ce gwamnati ce ta rufe, wasu suka ce tauraron ɗan Adam ne ya lalace. Abin da ya auku kuwa shi ne, manyan wayoyi 4 da ke shimfiɗe a ƙarƙashin Tekun Atlantika, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun tsinke a daura da gaɓar Kwaddibuwa.

Manufar wannan lacca ita ce ta bayyana cewa intanet hanya ce, kamar titin mota ko layin dogo. Tana da masu ita, da mashiga, da mararraba, da wuraren da takan yanke. Ƙasar da ta ɗora albashinta da cinikinta da jarrabawar 'ya'yanta a kan hanya, wajibi ne ɗalibanta da ma'aikatanta su san inda hanyar nan ta bi.

1. Asalin Wayar Ƙarƙashin Teku

Shimfiɗa waya a ƙarƙashin ruwa ya girmi intanet da fiye da shekara 100. Cikin 1851 aka haɗa Ingila da Faransa da wayar tangaraho wadda ta yi aiki sosai. Wayar ta jan ƙarfe ce, aka lulluɓe ta da ƙaron wata bishiya ta ƙasar Malaya don kada ruwa ya taɓa ta. Cikin 1858 wani attajiri Ba'amurke, Cyrus Field, ya jagoranci shimfiɗa waya daga Ailan zuwa gaɓar Kanada. Sarauniya Biktoriya ta aika wa Shugaban Amurka, James Buchanan, gaisuwa mai kalmomi 98, saƙon ya ɗauki kimanin awa 16 kafin ya gama isa. Duk da haka aka yi ta shagali, domin a lokacin wasiƙa takan yi fiye da kwana 10 a jirgin ruwa. Wayar ba ta wuce mako 3 ba ta mutu, sai cikin 1866 aka sami wadda ta ɗore.

Daga nan Ingila ta shiga ɗaure ƙasashen da take mulki da wayoyi. Cikin 1886 waya ta iso Legas, ta haɗa gwamnan wurin da ofishin mulkin mallaka na Landan. Manyan ƙasashe sun gane darajar abin tun da wuri, don haka cikin 1884 suka ƙulla yarjejeniya a Faris ta hukunta duk wanda ya lalata wayar teku. Amma yarjejeniyar ba ta ɗaure hannun masu yaƙi ba. Da aka soma Yaƙin Duniya na Ɗaya cikin Agustan 1914, ɗaya daga cikin ayyukan farko da Ingila ta yi shi ne tura jirgi ya tsinke wayoyin Jamus. Tun daga zamanin nan aka san cewa wanda ya riƙe waya ya riƙe labari.

2. Yadda Saƙo Ke Tafiya

An aza harsashin intanet a Amurka. Ranar 29 ga Oktoba, 1969, wata kwamfuta a Jami'ar Kalifoniya ta Los Anjalis ta aika saƙo zuwa wata a Cibiyar Bincike ta Stanford, ƙarƙashin wani shiri na Ma'aikatar Tsaron Amurka mai suna ARPANET. Haruffa 2 kaɗai suka wuce na'urar ta tsaya. Dabarar da aka gina shirin a kanta, wadda Paul Baran a Amurka da Donald Davies a Ingila suka tsara kowa daban, ita ce a daddatsa saƙo ƙunshi-ƙunshi, a rubuta wa kowane ƙunshi adireshin inda za shi, a bar shi ya bi duk hanyar da ya samu a buɗe.

Misalin wannan shi ne madugun da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, ya raba ayarinsa kashi-kashi, ya ce wa kowane kashi a haɗu a zango kaza. In wani kashi ya tarar kogi ya kawo, sai ya zagaya ta wata mashiga. In an haɗu a ƙirga kaya, abin da ya ɓata a aika a sake kawo shi. Ƙa'idojin wannan ƙirga da sake aikawa su ne Vinton Cerf da Robert Kahn suka wallafa cikin 1974, aka soma aiki da su gadan-gadan ranar 1 ga Janairu, 1983. Cikin 1989 kuma Tim Berners-Lee, a cibiyar bincike ta CERN kusa da Janeba, ya tsara hanyar haɗa shafuna da juna, wadda ta sa intanet ya fito daga ɗakunan bincike ya shiga gidajen mutane.

Sai dai a lura da abu guda. Dabarar zagayawa tana amfani ne in akwai wata hanyar da za a zagaya a bi. Ayarin da duk mashigansa suka haɗu a gada ɗaya, in gadar ta karye ya tsaya, komai wayon madugu.

Yawancin mutane sun ɗauka saƙo ta iska yake tafiya, tun da ba su ga waya a jikin abin da ke hannunsu ba. Gaskiya ne ta iska yake tashi, amma iyakarsa hasumiyar kamfani mafi kusa. Daga can yakan gangara cikin wayoyin da aka binne a gefen titi har bakin teku, ya shiga wani gini da ake kira tashar sauka, ya nutse. Fiye da kashi 95 cikin 100 na saƙonnin da ke ƙetare nahiyoyi ta ƙarƙashin teku suke bi. Akwai irin waɗannan wayoyi ɗaruruwa a duniya, tsawonsu gaba ɗaya ya haura kilomita miliyan 1.

Wayar zamanin yau ba ta jan ƙarfe ba ce. A cikinta akwai zaren gilashi, kowane sili kamar gashin kai, haske ne kuma ke ɗauke da saƙon, yana kunnuwa yana mutuwa da saurin da hankali ba ya iya kamawa. Charles Kao, wanda aka ba Lambar Nobel cikin 2009, shi ya nuna cikin 1966 cewa gilashi in an tace shi sarai zai iya kai haske nesa. Cikin 1988 aka shimfiɗa irin wannan waya ta farko tsakanin Amurka da Turai. Haske a cikin gilashi yakan ci kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa, watau daga Legas zuwa Fotugal bai kai kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa ba. Da yake hasken yakan dusashe a tafiya, bayan kowace 'yar tazara ta kilomita gommai akan sa na'urar da za ta ƙara masa ƙarfi, ana ba ta wutar lantarki daga tudu. A wurin da teku ke da zurfi, kaurin wayar duka bai fi na tiyon ban ruwan lambu ba, kuma a kwance take kawai bisa ƙasa. Kusa da gaɓa ne ake yi mata sulke na ƙarfe a binne ta.

3. Shigowar Wayoyin Afirka ta Yamma

Afirka ta Yamma ta makara a wannan fage. Wayar gilashi ta farko da ta yi wa yankin hidima sosai ita ce SAT-3, wadda ta fara aiki cikin 2002, ta taso daga Fotugal ta bi gaɓa har Afirka ta Kudu, ta sauka a Dakar da Abijan da Akra da Kwatano da Legas da Duwala da wasu garuruwa. A Nijeriya kamfanin gwamnati, NITEL, shi kaɗai ke riƙe da mashigarta. Inda babu abokin gasa kuwa farashi ba ya sauka, don haka shekaru da yawa jami'o'i da bankuna da shagunan intanet suka dogara ga tauraron ɗan Adam. Irin taurarin wancan lokaci suna nesa da ƙasa da kilomita 36,000, saƙo sai ya hau ya sauko, ga jinkiri ga tsada.

Cikin Yulin 2009 SAT-3 ta sami matsala a reshenta na Benin. Nijar da Togo suka yanke daga duniya kusan baki ɗaya, Nijeriya ta rasa kimanin kashi 70 cikin 100 na ƙarfin intanet ɗinta. Wannan gargaɗi ne na farko.

Shekarar 2010 ta canja al'amari. Wata injiniya 'yar Nijeriya, Funke Opeke, ta jagoranci shimfiɗa MainOne, mai tsawon kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Akra da Legas. A shekarar kuma kamfanin Globacom ya buɗe Glo-1 daga Ingila. WACS da ACE suka biyo baya cikin 2012. Farashin sari ya faɗi warwas, faɗuwar nan kuwa ita ta sa talaka ya iya sayen data a wayarsa. Daga baya manyan kamfanonin Amurka suka shigo da kansu. Equiano ta Google ta sauka Legas cikin Afrilun 2022, ita kuma 2Africa, wadda Meta, mai Facebook, ke cikin masu ita, mai tsawon kilomita 45,000, ta sauka a Legas da Jihar Akwa Ibom cikin 2024.

Ganin yawan wayoyin nan ya sa aka saki jiki. Abin da ba a kula da shi ba shi ne, da yawansu gaɓa ɗaya suka bi, kafaɗa da kafaɗa.

4. Abin da Ke Tsinka Waya

A duniya akan sami tsinkewar wayar teku sau 150 zuwa 200 a shekara. Mafi yawa daga hannun ɗan Adam ne ba da gangan ba, watau komar manyan jiragen kamun kifi da ke jan ƙasa, da ƙugiyar da jirgi ke jefawa in zai tsaya. Ba a cika jin labarinsu ba domin saƙonni sukan koma kan wata waya nan take. Cikin Fabrairun 2024 wayoyi 3 suka tsinke a Bahar Maliya, aka danganta abin ga ƙugiyar jirgin Rubymar, wanda mayaƙan Huthi na Yaman suka harba, ya yi ta yawo a ruwa ba matuƙi kafin ya nutse.

Sauran sanadin daga ƙasa yake. Ƙarƙashin teku ba shimfiɗaɗɗen fili ba ne, akwai duwatsu da kwazazzabai. A bakin manyan koguna laka da yashi sukan taru shekara da shekaru, ran nan su zaftare su gangara da gudu, su share duk abin da ke gabansu. Haka ta faru a kwazazzabon Kogin Kwango cikin Janairun 2020, bayan wata babbar ambaliya, inda WACS da SAT-3 suka tsinke, aka sake maimaitawa cikin Agustan 2023. A daura da Abijan ma akwai irin wannan kwazazzabo, wanda Faransawa suka yi wa suna da ma'anar rami marar gindi. Kamfanin MainOne ya ce bincikensa na farko ya nuna motsin ƙasa ne ya tsinke wayarsa ranar 14 ga Maris, a zurfin kimanin kilomita 3, inda koma da ƙugiya ba sa kaiwa. Wayoyi 4 da aka ɗauka hanyoyi 4 ne, ashe a wurin nan gada ɗaya suka hau.

Ƙasar Tonga, a Tekun Fasifik, ta ga mafi munin wannan. Waya ɗaya tak ta haɗa ta da duniya. Da dutse ya yi aman wuta cikin Janairun 2022 wayar ta tsinke, ƙasar ta yi kimanin mako 5 kafin a gyara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, an ce shafa wa naka ruwa.

5. Yadda Ake Gyara

Gyaran waya aiki ne na haƙuri. Da farko injiniyoyi a tashar sauka sukan harba haske cikin zaren, su auna lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, da haka su gane nisan wurin da ya karye. Sa'an nan a nemi jirgin gyara, a loda masa sabuwar waya, a nemo masa izinin shiga ruwan ƙasar da abin ya shafa. In ya isa sai ya saki ƙugiya mai yatsu ya yi ta ja a ƙasan teku har ya kamo bakin wayar, ya ɗago shi ya ɗaure a jikin wani tulu mai yawo bisa ruwa, ya koma neman ɗaya bakin. A cikin jirgin ake narka silin gilashi a haɗa su ɗaya bayan ɗaya, a gwada, a rufe, a mayar ƙasa a hankali. In igiyar ruwa ta yi ƙarfi, dole a dakata.

Jiragen da ke wannan aiki 'yan kaɗan ne a duniya, da yawansu kuma sun tsufa. Wanda aka fi dogara da shi a gaɓar Afirka, mai suna Léon Thévenin, na wani kamfanin Faransa ne, an ƙera shi cikin 1983, mazauninsa kuma Afirka ta Kudu. Shi ya sa tun a makon farko hukumar sadarwa ta Gana ta shaida wa jama'a cewa gyara zai ɗauki aƙalla mako 5. Haka kuwa aka yi, sai cikin Afrilu da Mayu aka gama ɗinke wayoyin. Abin da ya kawo sauƙi kafin nan shi ne Equiano da Glo-1 ba su tsinke ba, kamfanoni suka yi ta rububin sayen gurbi a kansu. Waɗanda suka riga suka yi wannan tanadi tun kafin ranar, masu hulɗa da su ba su sha wuya sosai ba.

6. Rabon Na Nesa da Teku

Wanda ke Kano ko Sakkwato ko Maiduguri yana da ƙarin wata damuwa. Kafin saƙonsa ya ga teku sai ya ratsa kilomita 1,000 ko fiye a cikin wayar tudu, wadda masu aikin titi kan tsinka da katafila, ɓarayi kuma kan tone. Galibin wayoyin teku na Nijeriya a Legas suka sauka, saboda haka ƙarfin da ke jibge a bakin ruwa kaɗan ne daga cikinsa ke kaiwa arewa. Jamhuriyar Nijar da Cadi ba su da gaɓa sam. Nijar ta daɗe tana dogara ga mashigar Kwatano, Cadi kuwa ga Kamaru da Sudan. Ƙasar da hanyarta ta ratsa gidan maƙwabci, zaman lafiyarta da maƙwabcin ya zama wani ɓangare na sha'anin sadarwarta. Wannan ne dalilin shirin shimfiɗa waya ta cikin Sahara don haɗa Aljeriya da Nijar da Nijeriya da Cadi, wadda za ta ba su mafita ta Bahar Rum, kusan ta inda fatake suka bi da raƙuma a da.

A nan ne aikin ma'aikacin gwamnati ya shigo. Kamfanin da zai binne waya sai ya biya jiha kuɗin izinin haƙa. Cikin 2013 aka amince a tsakanin gwamnatocin Nijeriya cewa kuɗin nan ya tsaya Naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai, suna ganin hanyar samun kuɗin shiga ce. Cikin 2020 Jihar Ekiti ta rage nata daga Naira 4,500 zuwa 145, Jihar Kaduna kuwa ta yafe shi ɗungum. Jami'in da ya tsawwala wannan kuɗi ya sami na yau, amma ya kori wayar da za ta kai makarantu da asibitocin ƙauyukan jiharsa.

Akwai kuma batun inda ake ajiye bayanai. Shekarun baya, wasiƙar da aka aika daga wani ofis a Kaduna zuwa wani a Zariya takan je Landan ta dawo, in kamfanoninsu sun bambanta. Don magance haka aka kafa mahaɗar intanet ta Nijeriya, IXPN, cikin 2006, inda kamfanonin cikin gida ke musayar saƙonni kai tsaye. Saƙon da bai fita ƙasa ba, tsinkewar wayar teku ba ta shafe shi ba. Hukumar da ta ajiye rajistar ma'aikatanta ko sakamakon ɗalibanta a Turai kaɗai, ta sa hatsinta a rumbun da ke ƙetaren kogi.

Wasu na ganin sababbin taurarin da ke shawagi kusa da ƙasa, irin na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya cikin Janairun 2023, za su raba gardama. Suna da amfani ƙwarai ga ƙauye mai nisa da kuma ranar gaggawa. Amma abin da waya ɗaya ta zamani ke ɗauka ya fi ƙarfinsu nesa ba kusa ba, kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka, kuma linzaminsu na hannun kamfani guda na wata ƙasa.

Kammalawa

Bayan abin da ya faru an ɗan motsa. Cikin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa kayayyakin sadarwa cikin jerin kadarorin ƙasa da doka ta ba kariya ta musamman, ta kuma amince da shirin ƙara kilomita 90,000 na wayar gilashi a cikin ƙasa. A ƙarshen shekarar Hukumar Sadarwa ta Duniya ta kafa kwamitin ba da shawara kan kare wayoyin teku, Ministan Sadarwa na Nijeriya, Bosun Tijani, yana ɗaya daga cikin shugabanninsa 2, aka kuma yi babban taro kan batun a Abuja cikin Fabrairun 2025.

Taro da doka ba su hana ƙasa zaftarewa. Wayoyi za su sake tsinkewa, abin da ke hannun mutane shi ne yawan ɓarnar da za ta biyo baya. Saboda haka akwai tambayoyi 3 da ya kamata kowane shugaban ma'aikata, da magatakardan jami'a, da manajan banki ya iya amsawa. Ta wace waya saƙonnin ofishinsa ke fita, kuma in ya sayi layi 2 daga kamfanoni 2, ya tabbata ba rami ɗaya suka bi ba? A ina bayanan ofishin suke ajiye, akwai kwafinsu a cikin ƙasa? In intanet ya ɗauke mako guda, ta yaya za a biya albashi, a karɓi marasa lafiya, a yi jarrabawa?

Ga ɗalibai kuma akwai fage a buɗe. Haɗa zaren gilashi, da auna ƙasan teku, da tsara hanyoyin saƙo, da dokokin teku, duk ilmi ne da ake koyo, kuma yankin nan na ƙarancin masu shi. Muddin jirgin gyara da ma'aikatansa daga nesa za a jira su, tsawon zaman duhun da za a yi wani ne zai yanke shi. Rigakafi dai ya fi magani, kuma lokacin yinsa shi ne sa'ad da hanya take lafiya.